Kada A Bar Jaki A Daki Taiki: Gano Ciwon Injin Motar Haƙa Ƙasa

Ƙasidar da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a ɗakin taro na makarantarmu, Daura.

 



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gaban waɗanda suka koya mini karatu. An umurce ni da in yi magana a kan abin da ya shafi aikina, ni kuwa tun da na gama jami'a na kama aikin gwamnati, a sashen kula da injuna da motocin aiki nake. Saboda haka na zaɓi in yi bayani a kan lambobin gargaɗi da injin motar haƙa ƙasa ke nunawa idan ya samu matsala, da yadda ake bin sawunsu har a kai ga gyara. Na san a cikinmu akwai likitoci da malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan kuɗi, kuma wani zai ce ina ruwansa da katafila. Ina roƙon a ba ni aron kunnuwa, domin kafin in zauna ina fata kowa ya ga inda maganar ta taɓa shi.

Dalilin Da Ya Sa Maganar Ta Shafe Mu

A wajen mutanenmu duk wata babbar motar aiki sunanta katafila, kuma sunan ya samo asali ne daga kamfanin Caterpillar na Amurka. Wadda nake nufi a yau ita ce mai dogon hannu da bokiti a bakinsa, mai tafiya a kan sarƙa, wadda ke juyawa a inda take ta ɗebi ƙasa ta zuba a tifa. Akwai ta Caterpillar, akwai ta Komatsu da Hitachi na Japan, da Volvo ta Suwidin, da Hyundai ta Koriya ta Kudu, da Sany ta ƙasar Sin.

Ƙasar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ta ga irin waɗannan motoci a 'yan shekarun nan fiye da kowane lokaci. A watan Disamba na 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a nan Daura. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka kuma ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa. Ban da waɗannan manyan ayyuka, akwai na yau da kullum, kamar yashe magudanan ruwa, da haƙa ramin kwalbati, da gyaran bakin madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam. Irin wannan aiki yana da lokacinsa. Magudanar da ba a yashe a watan Mayu ba saboda katafila ta tsaya, ita ce ke rusa katangar talaka a watan Agusta. Ga shi kuma sau da yawa motar da ta tsaya ɗin ba wani babban abu ne ya same ta ba, illa dai an rasa wanda zai fahimci abin da take faɗa.

Abin Da Ya Canza A Cikin Injin

Injin man gas na da, famfo ne da nozul da lagireto, kuma gwanin bakanike da kunnensa da sifanarsa yake gano ciwonsa. Abin da ya kawo canji shi ne dokokin rage hayaƙi na ƙasashen da ke ƙera injunan. Amurka ta fara aiki da irin wannan doka a kan injunan aikin gini a 1996, Tarayyar Turai ta biyo baya a 1999, aka yi ta tsaurara ta mataki-mataki, har zuwa mataki na huɗu da Amurka ta shigo da shi tsakanin 2008 da 2015. Domin cika waɗannan sharuɗɗa sai kamfanoni suka ɗora wa injin kwamfuta, wadda ni zan riƙa kira ƙwaƙwalwar inji, ita ke yanke yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi. Mu ba mu muka yi dokar ba, amma injunan da ake sauke mana, sababbi da na hannu, da wannan ƙwaƙwalwa suke zuwa.

Ƙwaƙwalwar ba ta gani, ba ta ji. Da 'yan ƙananan na'urori take dogara, waɗanda ake kira sensa, an dasa su wuri-wuri a jikin injin. Wata tana auna zafin ruwan lagireto, wata ƙarfin bugun baƙin mai, wata ƙarfin iskar da turbo ke turawa, wata ƙarfin man gas a bututun da ke ciyar da nozul, wata saurin juyawar injin, wata kuma tana gano ko ruwa ya shiga cikin mai. Mu 'yan ƙasar sarauta ba za mu sha wahalar gane wannan tsari ba. Sensa kamar mai unguwa ce, waya ita ce ɗan aike, ƙwaƙwalwa kuma ita ce fada. Idan labari mara daɗi ya iso fada, abu uku ne ke iya faruwa. Ko dai da gaske wani abu ya auku a unguwar, ko mai unguwa ne ya ruɗe, ko kuwa ɗan aike ne ya ɓata saƙon a hanya. Duk ilimin da nake son bayarwa yau bai wuce rarrabe waɗannan ukun ba.

Idan fada ta ji abin da bai kwanta mata ba, sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta rubuta lamba a allon da ke gaban direba, wani lokaci kuma ta rage ƙarfin injin da gangan domin kare shi. Shi ya sa za ka ji direba yana cewa mota ta yi sanyi, ba ta iya ɗaga bokiti, alhali kuwa injin ne ya ja da baya da kansa.

Yadda Ake Karanta Lambar

Yawancin injunan zamani suna bin wani tsari da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wato SAE, ta shimfiɗa, mai suna J1939. A wannan tsari lambar kashi biyu ce. Kashi na farko, SPN, yana faɗin wurin da ake ƙorafi a kai. Misali, 100 baƙin mai ne, 110 zafin ruwa, 102 iskar turbo, 157 ƙarfin man gas a bututun nozul, 190 saurin inji, 97 kuma ruwa a cikin mai. Kashi na biyu, FMI, yana faɗin irin ƙorafin. Idan 0 ne, to awon ya zo lafiya amma abin da aka auna ya haura ƙima. Idan 1 ne, ya yi ƙasa da ƙima. Idan 2 ne, saƙon yana rawa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lamba 3 tana nufin wutar da ke kan wayar ta yi yawa, 4 ta yi ƙasa, 5 kuma galibi waya ce ta tsinke. Caterpillar yana da nasa haruffan, Komatsu ma da nasa, saboda haka littafin kowace mota shi ne alƙali, amma tunanin duk ɗaya ne.

To a lura da kyau a nan. Idan allo ya nuna 110 da 0, injin yana cewa ne na yi zafi. Idan ya nuna 110 da 3, cewa yake yi ban ji daga mai auna zafi ba yadda ya kamata. Na farko aikin lagireto ne da fanka da bel da ruwa. Na biyu aikin waya ne da soket da ita sensar kanta. Wanda bai san wannan bambanci ba, da ya ji an ce 110 sai ya kama hanyar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo sabuwar sensa, ya ɗaura, gobe fitila ta sake kamawa. Shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Lamba ba ta taɓa cewa a sayi kaza ba. Nuni kawai take yi da inda za a fara dubawa.

Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne rubutawa. Kafin a taɓa komai, a rubuta kowace lamba, da sau nawa ta fito, da awar aikin da injin ke kai. A kuma raba wadda ke nan a halin yanzu da wadda ta taɓa fitowa ta wuce, domin ƙwaƙwalwar tana ajiye duka biyun. Wanda ya goge lambobi kafin ya rubuta, kamar likita ne ya yaga katin majiyyaci kafin ya duba shi.

Na biyu, a tambayi direba. Da safe abin ke faruwa ko da tsakar rana? Bayan an zuba mai ne, ko bayan an wanke inji, ko bayan an yi walda a jikin bokiti? Amsarsa tana rage rabin aiki.

Na uku, a duba batir. Waɗannan motoci da volt 24 suke aiki, kuma idan inji na tafiya ya kamata a ga kusan 28. Batir mai rauni, ko kan batir da ya yi tsatsa, ko wayar da ke haɗe da jikin mota da ta yi sako-sako, suna iya jawo lambobi barkatai alhali babu sensar da ta lalace.

Na huɗu, a yi amfani da ido da hannu. A bi wayar daga sensa har ƙwaƙwalwa, a nemi inda ta gogu da ƙarfe, ko ta ƙone kusa da salansa, ko ɓera ya ci. A cire soket a duba ko ƙura da mai sun cika shi, ko haƙoransa sun yi kore ko sun lanƙwashe.

Na biyar, a ɗauko mita. Sensar da ke auna ƙarfin bugu galibi waya uku gare ta, ɗaya ta kawo mata volt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta mayar, ɗaya kuma ta kai saƙo, wanda ke yawo tsakanin kusan rabin volt zuwa 4.5. Ta zafi kuwa yawanci waya biyu ce, kuma tirjiyarta ga wuta tana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Iyayenmu malaman kimiyya za su ga cewa wannan dokar Ohm ce da suka rubuta mana a allo a wannan makaranta, ba ƙari. Akwai kuma gwajin da littattafan Caterpillar ke koyarwa a kan injuna da dama: a cire soket, a ga ko lambar ta koma ta tsinkewar layi, sa'an nan a haɗa wayar saƙo da ta mayarwa da 'yar guntuwar waya, a ga ko ta koma ta ƙarancin wuta. Idan ƙwaƙwalwa ta lura da duka biyun, to ita da waya lafiyarsu lau, sensar ce ke da laifi. Amma kada a kuskura a haɗa wayar volt 5 da jikin mota.

Na shida, idan lambar ta ce awon gaskiya ne, a nemo shaida ta biyu. Idan ta ce baƙin mai ya yi ƙasa, a kashe inji nan take, a duba man, a ɗaura agogon awo na hannu a tabbatar. Idan ta ce zafi, a bar shi ya huce kafin a buɗe murfin lagireto. Sa'an nan ina jan kunnen kowa game da bututun man gas na sababbin injuna. Ƙarfin da ke cikinsa yana haura bar 1,500, wato ya ninka iskar tayar mota sau ɗaruruwa, kuma feshinsa yana huda fata ya shiga nama. Tsohuwar dabarar kwance bututu inji na tafiya domin a ga ko mai na zuwa, a nan kasada ce da rai.

Na ƙarshe, bayan gyara a goge lambar, a sa motar aiki har ta yi zafi, a sake dubawa, a kuma rubuta abin da aka yi a littafin motar.

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona a wani wurin aiki a cikin wannan masarauta. Wata mota ta nuna lambobi uku a lokaci guda, na baƙin mai da na iskar turbo da na man gas. Mai kwangila har ya aika an sayo sensa biyu, an ɗaura, babu canji, ana ta maganar ɗauko gwani daga Legas. Wani yaro cikin masu koyon aiki, wanda a da gyaran wayar salula yake yi a kasuwa, ya nemi a ba shi mita. Ya auna wayar volt 5 ya tarar wutar ta faɗi. Ya gane cewa sensa ukun daga layi ɗaya suke shan wuta, kuma da wuya masu unguwa uku su ruɗe rana ɗaya. Ya bi damin wayoyin da hannu har ya kai inda ya gogu da wani ƙarfe, robar ta cinye, tagulla na taɓa jikin inji. Kafin la'asar motar ta koma bakin aiki, bayan ta shafe kwanaki a tsaye.

Abokan Gabar Inji A Ƙasarmu

Wanda zai yi wannan aiki a ƙasar Daura dole ya san yanayinta. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da rairayin da motar ke tayarwa da kanta, suna toshe matatar iska da ramukan lagireto. Zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da robar waya har ta tsattsage. Man gas da aka ajiye a durom yana tara ruwa da datti, kuma nozul na zamani ba ya jure wannan kamar na da. Injunan da aka ƙera bisa mataki na huɗu na dokar Amurka ma, man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba aka tsara musu, don haka kafin a sayo na hannu sai a yi tambaya. Walda a jikin mota ba tare da an cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa ba tana iya ƙone ta. Motar da aka ajiye duk damina a cikin ciyawa kuwa, gidan ɓera ce. Hura lagireto, da zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai kowace safiya, da ɗaure wayoyi yadda ba za su gogu ba, sun isa su hana fitilar kamawa sau da yawa. Rigakafi dai ya fi magani.

Abin da ya fi kowanne muni shi ne toshe bakin sensa. Akwai masu cire fitilar gargaɗi, akwai masu cusa wata 'yar na'ura a soket domin ƙwaƙwalwa ta riƙa ganin zafi daidai ko da injin na tafasa. Motar takan dawo da ƙarfinta, mai ita ya yi murna ya biya kuɗi, ba a jima ba inji ya buga. Abin da hura lagireto zai magance sai ya koma sauke inji gaba ɗaya, idan kuma motar ta hukuma ce, sai ta shiga layin waɗanda ke tsatsa a bayan ofis, da kuɗin jama'a a cikinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ranka ya daɗe shugaban taro, ina da shawarwari uku ga wannan ƙungiya.

Ta farko ga 'yan'uwana ma'aikata, musamman waɗanda takardar biyan kuɗin gyara ke bi ta teburinsu. Ba sai kun zama injiniyoyi ba. Kafin ku sa hannu ku yi tambaya uku: wace lamba motar ta nuna, me aka auna aka samu, ina kuma tsohon kayan da aka cire? Wanda ya yi aikin gaskiya ba zai rasa amsa ba. Haka kuma idan za a sayi sabuwar mota, a rubuta cikin yarjejeniya cewa za ta zo da littafin gyaranta, da na'urar karanta lambobinta, da horo ga kanikawan da za su kula da ita.

Ta biyu ga ƙungiya. Cikin abin da muke tarawa domin makaranta, mu ware wani abu mu sayi mitoci na hannu ga ɗakin gwaje-gwaje. Ni kuma na ɗauki alkawarin tattaro tsofaffin sensa da wayoyi daga abokan aiki, in zo lokacin hutuna in nuna wa ɗaliban ajin ƙarshe yadda ake auna su. Yaron da ya riƙe mita da hannunsa ba zai sake ɗaukar kimiyya a matsayin hadda ba.

Ta uku, mu naɗa ɗan ƙaramin kwamiti ya tuntuɓi Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da ke nan garin, a ga ko za a iya shirya gajeren horo ga kanikawanmu da masu gyaran wutar mota. Waɗannan bayin Allah sun san inji fiye da yawancinmu masu takardar shaida, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai fassara musu lambobin da Hausa. Manyan kamfanoni da gwanayensu suke zuwa, da su kuma suke tafiya idan kwangila ta ƙare. Motocin da za su rage a hannun ƙananan hukumomi da 'yan kwangilar gida, mu za su zuba wa ido. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe ina miƙa godiya ta musamman ga iyayenmu malamai, waɗanda suka jure ƙuruciyarmu har muka zama abin da muka zama. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, cikin malamai da abokan karatu, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.